Akwati Mai Zazzaɓin La'asar

Gwaggonku Rabi, Allah ya ƙara mata lafiya, in ta tashi ba ku labarin akwatin wasan nan sai ta mai da ni wani waliyyi: wai na sauko daga mota da jakata, na leƙa bayansa, na taɓa waya ɗaya, ya tashi. Ƙauna ce take sa ta ƙara gishiri. Tsofaffin Jugu kuwa, kun ji su da kunnenku, har yau "Sau Huɗu" suke kirana, kuna dariya ba ku san mafarin sunan ba. To, daga ita har su babu wanda ya san abin da ya sami akwatin nan. Mu biyu ne muka sani, ni da kakanku. Shi ya riga mu gidan gaskiya, ni ma ga gwiwoyi sun fara ba ni sanarwa, don haka bari in rubuta muku tun hannuna yana iya riƙe biro.

Gidanmu gidan goro ne tun daga waɗanda suka zo da ayari suka yada zango a Jugu ba su ƙara tashi ba. Baba yakan tsaya a bakin sito ya shaƙi iska sau ɗaya ya ce kwando na uku daga bango zai lalace, a buɗe kuwa a tarar da tsutsa. Yadda yake lallaɓa goro, yana sake masa ganye, yana yayyafa masa ruwa da yatsu, wallahi mu 'ya'yansa ba mu sami rabin wannan ba. Ni kuma Allah ya yi ni da son ƙarfe da waya. Na bar gida na tafi Paraku, unguwar Gema, na shiga koyon gyaran rediyo da telebijin a hannun Malam Hamidu, wani dogon mutumin Nijar mai gajeren haƙuri, wanda rabin maganarsa Faransanci ce, sauran rabin kuma tsaki. Zamanin juyin juya hali ne, kowa kamarad, daga mai sayar da gawayi har mai unguwa. Baba bai hana ni tafiya ba, amma bai taɓa kiran abin da nake yi sana'a ba. In baƙi suka tambayi ina nake sai ya ce, yana can yana tonon cikin rediyo.

Shekara biyar na yi a hannun Malam Hamidu, lokacin liberasiyo ya zo. Ku yaran yanzu da kuke buɗe shago don kun kalli gyara sau biyu a waya, ba ku san nauyin wannan abu ba. Rana ce da ubangidanka zai tara masu sana'a, ya sallame ka a gabansu, ya miƙa maka kayan aiki, iyayenka su sa albarka. In ba a yi maka ita ba, ko ka fi kowa iyawa, babu mai ba ka haya a layin masu gyara, babu uban da zai kawo maka ɗansa koyo. Na hau mota na je Jugu, na durƙusa na faɗa wa Baba, har na fassara masa kalmar, na ce 'yantarwa ke nan.

"'Yantarwa?" in ji shi. "Wa ya kama ka bawa? Kai ka kai kanka."

Ya ci gaba da zaɓen goronsa. Na koma Paraku na roƙi Malam Hamidu a yi da kawuna a madadinsa.

"Jamais," ya ce. "Ba na sallamar ɗan mutane a bayan idon ubansa. Ya zo, ko ka ci gaba da share mini atiliye, shagon nan nawa, har gemunka ya yi fari."

Ana cikin haka ne akwatin ya shigo maganar. Mijin Yaya Rabi ya rasu ya bar ta da yara uku, Baba ya yanka mata shago a jikin sitonsa, tana sayar da lemo da ƙanƙara. Ƙanen marigayin direba ne, yana zuwa Legas, shi ya ɗauko mata akwatin don ta riƙe yaran. Tsawonsa ya kai na mutum, da telebijin a ƙirjinsa, da ɗan sanda da maɓalli ja. Ka jefa tsabar sefa ta dala biyar, wasu halittu su riƙa saukowa daga sama kana harbinsu. Jugu ba ta taɓa ganin irinsa ba. Ranar kasuwa har mutanen Partago da Seru sukan tsaya kallo da kaya a ka. Wakilin unguwa ya zo da littafinsa ya ce wannan kayan 'yan jari-hujja ne, dole ya bincika, ya bincika har aka kira magariba, washegari ma ya dawo ƙarin bincike. Da wannan akwati Yaya take ciyar da 'ya'yanta, ba ta miƙa wa kowa hannu. Da bazara ta kama, sai ya fara ciwo. Saƙon Baba ya iso ni ta bakin wani direban goro, kuma mutumin bai rage ko kalma ɗaya ba, don daɗin faɗinsa yake ji.

"Alhaji ya ce a faɗa wa mai tonon rediyo ya zo. In ya tashe shi, zai je Paraku. In ya kasa, ya kwaso tabarmarsa ya dawo sito."

Na isa da hantsi na tarar da akwatin yana aiki lafiya lau. Yaya ta ce in jira la'asar. Ai kuwa, ana idar da salla hoton ya fara rawa, halittun suka wargaje suka zama baƙaƙe da lambobi, ya yi wani gurnani, ya mutu, ya farfaɗo, ya sake mutuwa. Na buɗe ƙofar bayansa. Bari in yi muku bayani a taƙaice, don ku fahimci wahalata. Wutar bango tana da ƙarfi, ƙwaƙwalwar akwatin kuwa bolt biyar kawai take ci, ba ƙari ba ragi. Tsakaninsu akwai taransifoma da wani allo mai tace wutar, mu muna ce masa alimantasiyo. In allon nan ya rage mata ko kaɗan, sai ta rikice kamar mai jin yunwa. Na ɗora mitata ta awon wuta, allura ta tsaya a huɗu da rabi tana makyarkyata. Da farko na ɗora wa kamfanin wuta laifi, na ce kowa ya kunna fanka ne, amma da na auna bango sai na ga wutar a cike take. Na dubi babban kondansater na allon, na ga kansa ya ɗan kumbura, na ce na kama ɓarawo. Na canza shi, washegari da safe allura ta hau biyar daram, na karkaɗe hannu a gaban jama'a, na shiga motar azahar ina jin kaina. Ban ko jira la'asar ba, kun ji wautar ƙuruciya. Bayan kwana biyu direban goron nan ya leƙo atiliyenmu yana murmushi, wai ciwon akwatin ya dawo.

Karo na biyu na ce ba za a yi mini haka ba. Na kwance allon gaba ɗaya na tafi da shi Paraku, na ɗaura masa ƙwan fitilar mota don ya ji nauyi, na bar shi yana aiki kwana uku a kan teburin Malam Hamidu cikin zafin nan mai narka kwalta. Allura ko gezau. Duk da haka na canza masa regilater, don kada in koma hannu rabbana. Wajen mayarwa na lura haƙoran mahaɗin wayoyin sun yi wani tsatsa kore. Na ce iskar tekun Legas ce, na kankare da wuƙa na mayar. Wannan karon na jira la'asar, ya yi ɗan tari ya wuce. Kwana huɗu ya yi, sannan ya koma gidan jiya. Karo na uku kuwa ina tsaye a gabansa, da mutane cike da shago, ya yi wata ƙara fat, fizibil, wato fis ɗinsa, ya ƙone, wari ya tashi. Wani tela maƙwabcinmu ya ce, kamarad, ko dai mu kira mai ruƙiyya ne? Aka fashe da dariya. Ban damu da su ba kamar yadda na damu da fuskar Yaya, wadda ta shiga jera kwalabe, alhali na san kwana nawa ke nan tukunyarta ba ta ga nama ba. Baba yana zaune a ƙofar sito. Bai yi dariya ba, bai yi faɗa ba, sai na ji yana ce wa masu ɗaukar kaya su gyara lungun nan na dama, akwai mai zuwa ya zauna a ciki.

Na koma Gema raina a jagule, na ce wa Malam Hamidu ni dai na haƙura, goron ma ai sana'a ce. Ya ɗago daga rediyon da yake gyarawa ya dube ni ta saman tabarau.

"Imbécile. Allon nan ya kwana uku a gabana, lafiyarsa ƙalau. Ciwon yana can inda ka baro shi. Kai kullum sai ka je ka auna ka gudu, kamar likitan da ake bi da sanda. Ka taɓa wuni da shi?"

Na ce a'a.

"To je ka yi jinya. Daga buɗe shago har rufewa, kada ka ɗaga. Ka ga abin da yake ci, ka ga mai taɓa shi."

Na koma karo na huɗu. Na sa sabon fizibil, na kankare koren tsatsan nan da ya sake tsirowa, abin da ya ɗaure mini kai, don babu teku a Jugu. Na sami wuri a ƙasa bayan akwatunan kwalabe na zauna da mitata. Safiya ta wuce lafiya. Da aka kira azahar Yaya ta ja ƙofar gaba ta shiga cikin gida, kamar yadda take yi kullum sai la'asar, ta bar akwatin a kunne, don wanda ya kawo shi ya gaya mata yawan kashewa yana lalata shi. Na yi sallata a nan inda nake, na jingina da bango, har gyangyaɗi ya fara ɗibata. Sai na ji ƙaramar ƙofar da ta haɗa shagon da sito ta yi ƙara. Baba ne, ya tuɓe babbar riga, ba takalmi, da bokiti a hannu ɗaya da buhun goro a ɗayan. Bai gan ni ba. Ya je bayan akwatin ya ɗora tafin hannunsa a kai kamar mai duba goshin yaro, ya girgiza kai.

"Sannu," ya ce da shi a hankali. "Sannu, ka sha wuta."

Ya tsoma buhun a bokiti, ya ɗan matse, ya shimfiɗa shi a kan ramukan da iska take fita, ya gyara gefe da gefe. Sannan ya ɗebi ruwa ya shiga yayyafawa da yatsu, a bayan akwatin, a ƙarƙashinsa, a bango, da irin yayyafin nan nasa da babu mai iya shi a Jugu. Ina kallon ruwa yana ɗiga daga buhun yana bin ramukan, daidai saitin allon da na yi wata guda ina zagi. Dariya ce ta fara taso mini. Kafin ta fito haushi ya danne ta, na tuna kuɗin mota da dariyar tela da lungun da aka share mini. Sai idona ya sauka a kan ƙafafunsa, tsirara a cikin ruwa, taku ɗaya daga taransifoma, hannunsa kuma a jiƙe yana shafa ƙarfen ƙofar. Ban san lokacin da na yi tsalle na fizge wayar daga bango ba, kwalabe suka zube.

"Innalillahi! Kai wane ne? Isiyaku? Me kake yi a nan kamar ɓarawo?"

"Baba, tun yaushe kake yi masa haka?"

"Tun da zafi ya shigo. Ka taɓa bayansa ka ji? Kamar tanderu. Abin da yake ciyar da marayu, in zuba ido ya dahu? Ina cirewa kafin yayarka ta fito, kada ta ce na sa mata ido a sana'a."

Maganar tana kan harshena, kuma da na faɗe ta da na ci nasara: kai ne ka lalata shi, kai ka sa aka yi mini dariya, ga shi ka kusa kashe kanka. Shekara biyar ina jiran ranar da zan fi shi sani a kan wani abu. Amma ga dattijo tsaye da ruwa yana bin gwiwar hannunsa, ya baro barcin ranarsa kullum don ya yi wa abincin jikokinsa hidima da iyakar abin da ya sani. Tausayinsa ya kama ni. In na yi masa bayanin bolt da tsatsa, zai ji kamar yaro ne yake karanta masa allo. Sai Allah ya kawo mini wata hanya.

"Baba, kakanninmu da suke tahowa daga arewa neman goro, me suke ɗoro wa jakuna?"

"Wannan wace irin tambaya ce da tsakar rana? Kanwa mana."

"In hadari ya taso musu a hanya fa?"

"Sai a bi kanwa da fata a rufe ruf. Goro ne mai son danshi, kanwa in ta sha ruwa ai ta..."

Bai ƙarasa ba. Ya dubi buhun, ya dubi bokitin, ya dubi ni. Ya daɗe yana kallon ruwan da ya kwanta a ƙasa.

"Wannan kanwa ce?"

"Kanwa ce, Baba. Kuma tana harbi. Da hannunka ya kai ciki, da yanzu wani zance ake yi."

Ya nemi akwatin kwalabe ya zauna. Can ya ce, murya ƙasa-ƙasa, "Ashe ni ne." Sannan ya tambaya ko Rabi ta sani. Na ce babu wanda ya sani, babu kuma wanda zai sani.

"Ni ba zan sa ka yi ƙarya ba," in ji shi.

"Ba ƙarya zan yi ba. Zan ce danshi ne ya shige shi. Babu mai tambayata daga ina."

"Za su ce sai a karo na huɗu ka gane."

"Ai gaskiya ne, sai a na huɗun na gane."

Ya kwashe buhunsa da bokitinsa, har ya kai ƙofa ya juyo, don kakanku ba ya barin magana ta ƙare a bakin wani.

"Amma zafin nan da na ji, ba ƙarya ba ne."

Kuma ba ƙarya ba ne. An manna akwatin da bango a ɗaki mai rufin kwano, da an bar shi haka da ya mutu da kansa kafin damina. Ya ga ciwon da ni mai mita ban gani ba, maganin ne kawai ya ba shi na goro. Na kwance allon na shanya shi a rana wuni guda. Na yanke ruɓaɓɓen mahaɗin na jefar, na like wayoyin kai tsaye da dalma. Na jawo akwatin daga bango, na ɗora shi a kan katako, na je wurin wani mai gyaran firji na samo 'yar ƙaramar fanka na dasa a ƙofar baya tana fitar da zafi. Baba ya riƙa leƙowa wai yana neman wuƙarsa. Da la'asar ta yi na ɗora mita, ya matso ya ce in nuna masa inda ake so allurar ta tsaya. Na nuna masa biyar. Muka tsaya mu biyu muna kallonta har aka fara jera sahu a masallaci, ba ta motsa ba. Ya miƙa hannu bayan akwatin, iskar fanka ta bugi tafinsa, ya gyaɗa kai ya tafi alwala. Na ƙara kwana bakwai a Jugu don in tabbata. Yaya ta yi ta sa mini albarka har kunya ta kama ni, tela kuwa ya raɗa mini Sau Huɗu, sunan ya bi ni. Ba zan ɓoye muku ba, ya yi mini ciwo, kuma ya hana ni aiki a Jugu shekaru, don mai rediyo yakan ce ba shi da kuɗin gyara huɗu. Sau da yawa maganar takan zo mini baki in haɗiye.

Abin da ya fi damuna, har na bar garin Baba bai ce uffan a kan Paraku ba. Na yi masa sallama ya ce Allah ya kiyaye hanya, shi ke nan. Malam Hamidu ya sa rana duk da haka, ya ce in dattijon mai cika magana ne za mu gani. Ranar ta zo, an kafa rumfa a ƙofar atiliye, masu gyara na Gema sun hallara, shinkafa ta dahu, wakilin unguwarsu ya gama jawabinsa na juyin juya hali har ya sake wani, ni kuwa ina tsaye cikin sabon yadi idona a kan titi. Malam Hamidu ya fara duba agogo yana tsaki. Sai ga motar goro ta tsaya, direban nan mai daɗin baki ya zagayo ya buɗe ƙofa. Baba ya sauko cikin rigarsa ta Idi, a bayansa an ɗauko kwandon farin goro wanda na san ba ya sayar wa kowa irinsa.

Aka durƙusar da ni a tsakiya. Aka jera kayan aikin da za a ba ni a kan tabarma: mita, da ƙarfen dalma, da su sukurdireba. A al'adar masu sana'a a can, akan yi addu'a a ƙwaryar ruwa, a miƙa wa uba ya yayyafa wa kayan da hannunsa, sannan a ce an sallami yaro. Malam Hamidu ya miƙa wa Baba ƙwaryar da hannu biyu. Baba ya karɓa, ya dubi kayan, ya dubi ruwan, ya mayar masa.

"A'a, Malam. Kayan sana'ar ɗana ba sa son ruwa."

Mutane suka yi ta mamakin inda dattijon goro ya san wannan. Ya ɗora busasshen hannunsa a kaina ya fara addu'a, ni kuwa na sunkuyar da kai ina kuka kamar ba ni ne mai gemu ba.